Ƙanena mai otizim ba ya zama cikin mutane: kaɗaici na damunsa kuwa?

Tambaya

Wani ɗan'uwa mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ne ya aiko da wannan: "Ƙanena shekararsa 24. Yana ɗan shekara tara likitoci a nan Legas suka ce yana da otizim. Yana magana, ya gama sakandare da ƙyar, yanzu yana gyaran waya a ɗaki, 'yan unguwa na kawo masa. Amma ba ya zama majalisa, ba ya zuwa biki ko suna, in an yi baƙi sai ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ke riƙe da shi a Agege. Kawunnanmu sun ce ko dai a mayar da shi gida Arewa, ko a yi masa aure ya ware. Ni abin da nake son sani, mutum irinsa yana jin kaɗaici kuwa, ko ni ne kawai nake damun kaina? Kuma me masu bincike suka gano game da rayuwarsu in sun girma?"

Amsa

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa wannan riƙo. Aikina nazarin halayyar ɗan'adam ne, kuma na daɗe ina zama da iyalai irin naku a nan Legas, yawanci iyaye mata da ƙananan yara. Ba kasafai ake kawo mini tambaya kan wanda ya girma ba, sai ka ce yaran nan ba sa zama manya. Don haka ka yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Eh, yawancin masu otizim suna jin kaɗaici, kuma a binciken da aka yi ta maimaitawa sun fi sauran mutane faɗin haka. Rufo ƙofar da ƙanenka ke yi ba ta isa hujjar cewa ba ya buƙatar kowa ba. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a kan mai otizim karin maganar nan takan ɓatar da mutum, domin fuskarsa da muryarsa ba lallai su nuna abin da ke ransa yadda muka saba karantawa ba. Na sha ganin uwa tana hawaye tana cewa ɗanta bai damu da ita ba, alhali in ta yi tafiyar kwana biyu yaron ya daina cin abinci.

Da gangan nake cewa otizim. A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, amma ana jingina kalmar ga lalurori daban-daban, har da ta Down wadda ake ganewa tun daga kamannin jariri, kuma ba abu ɗaya ba ne. Sunayen da ake kiransu a unguwa kuwa ka san su: miskili, dolo, mai iska. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko. Yana taɓa mu'amalar mutum da jama'a, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓi, da yadda hankalinsa ke kafewa kan abu guda. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 na da shi.

Abin da ya sa tambayarka ta jima ba ta samu amsa ba, an shafe shekaru ana binciken mutanen nan kamar mai leƙen gida ta saman katanga. Leo Kanner, likitan Amurka da rubutunsa na 1943 kan yara 11 ya sa duniya ta san lalurar, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda suke keɓe kansu, sai ya ɗauka haka aka halicce su, ba sa neman kowa. Daga nan aka koma ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo, har binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter a 1977 ya nuna gado na da babban hannu a ciki. A 1985 kuma Simon Baron-Cohen da Alan Leslie da Uta Frith suka yi wani gwaji da 'yartsana biyu. Ɗaya ta sa ɗan dutsen wasanta a kwando ta fita, ɗayar ta ɗauke ta mayar cikin akwati, sai a tambayi yaro ina ta farkon za ta duba in ta dawo. Yawancin yara masu otizim akwatin suka nuna, inda abin yake a zahiri. A kan wannan aka gina ra'ayin cewa ba sa iya hasashen abin da ke zuciyar wani. Ra'ayin ya daɗe yana cin kasuwa, ni ma shi aka koya mini a makaranta. Duk tsawon lokacin nan ba a cika zaunar da su a ji ta bakinsu ba. Elizabeth Pellicano da abokan aikinta sun bi diddigin kuɗin binciken otizim a Birtaniya daga 2007 zuwa 2011, suka tarar fiye da rabi ya tafi kan ƙwaƙwalwa da halittar jiki, abin da ya shafi zaman mutum cikin al'umma kuwa kusan kashi 1 cikin 100 kacal.

Da aka fara tambayar masu ɗakin inda yake musu yoyo, sai labari ya sha bamban. A shekarar 2000 Nirit Bauminger da Connie Kasari sun tambayi yara masu otizim waɗanda ke magana game da abota. Yaran sun ce suna da aboki, amma sun fi sauran yara jin kaɗaici. Binciken da aka yi kan manya daga baya ma haka ya nuna, kuma abin da ke fitowa daga bakinsu kusan ɗaya ne: suna son mutane, zama da mutanen na gajiyar da su, kuma duk lokacin da suka gwada sai su yi kuskuren da ba su san sun yi ba.

A 2012 Damian Milton, masanin zamantakewa a Ingila wanda shi kansa mai otizim ne, ya juyo da tambayar kanmu. In an ce mai otizim ba ya gane abin da ke ranmu, mu muna gane abin da ke nasa? Ya ce rashin fahimtar daga ɓangare biyu take, sai dai mu ne masu yawa, don haka laifin kullum kansa yake faɗawa. Ka dubi yaron da ya sauko daga motar albasa karon farko a Mile 12, ba Yarbanci ba buroka, kwandastan danfo na yi masa ihu yana ɗauka faɗa ne alhali canji ake tambayarsa. Kowannensu bai gane ɗan'uwansa ba, amma baƙon za a kira baƙauye.

An gwada maganar Milton a aikace. A 2017 Noah Sasson na jami'ar Texas da ke Dallas ya nuna wa mutane gajerun bidiyo, na 'yan daƙiƙoƙi kawai, na masu otizim da marasa shi, ba tare da an faɗa musu wane ne wane ba. Nan take masu kallo suka nuna ba su cika son hira ko zama da masu otizim ba. Da aka ba su rubutaccen abin da mutanen suka faɗa, ba murya ba hoto, sai bambancin ya ɓace. Ashe maganar ba ta da aibi. Tsayuwar mutum, da fitar muryarsa, da inda ya ajiye idonsa, su suka sa aka yanke masa hukunci tun bai gama sallama ba. Wannan binciken nakan ba kowane iyali labarinsa, domin ya bayyana abin da suke gani kullum ba su san sunansa ba.

Sai kuma na Catherine Crompton a jami'ar Edinbura a 2020. Ta jera mutum 72 rukuni-rukuni, takwas-takwas, aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har ƙarshen layi. Rukunin masu otizim zalla sun isar da labarin daidai da rukunin marasa shi. Inda labarin ya fi zubewa shi ne rukunin da aka cakuɗa. Gaskiya ɗaya ce, dole in ƙara maka da cewa da aka maimaita gwajin da mutum 311 a Birtaniya da Amurka, aka buga a 2025, ba a sake ganin wannan zubewar a rukunin da aka cakuɗa ba. Abin da ya tsaya a duka biyun shi ne masu otizim a tsakaninsu suna isar da magana kamar kowa. Haka bincike yake, wani sakamakon ya tsaya, wani ya rushe, kuma wanda ya ce maka an gama gano komai ka yi hattara da shi.

Yanzu ɗauki wannan ka auna da majalisarku. Bayan isha'i, gaban mai shayi, mutum goma kan benci biyu. Janareta uku na ruri, rediyo a kunne, mai Keke Napep na danna hon. Hira na tsalle daga farashin buhu zuwa ƙwallo zuwa siyasa ba sanarwa. Rabin maganar habaici ce da zolaya, wani ya ce "kai dai Allah ya shirye ka" a fashe da dariya, kuma sai ka san tsakanin mutanen kafin ka gane wasa ne ko baƙar magana. Kai nan ne wurin hutunka. Masu otizim da yawa kunnensu ba ya tace ƙara: janareta da cokalin mai shayi da muryarka duk da ƙarfi ɗaya suke shiga. Yana ƙoƙarin gano wa ke magana, yana warware habaici, yana lissafin inda ya dace ya sa baki, kafin ya haɗa jimlarsa an wuce wurin. In ya buɗe baki, sai ya ɗauko zancen da aka bari minti biyar baya, ko ya zubo bayanin allon waya ba ko numfashi. A yi dariya. Sau nawa za a yi wa mutum haka kafin ya zaɓi ɗaki?

Akwai wani saurayi da na yi aiki da shi, kusan sa'an ƙanenka. An kawo shi ne kan ya ƙi zuwa ɗaurin auren yayarsa, dangi duk sun yi fushi. Da muka saba, ya ciro wani ɗan littafi daga aljihun gaba ya nuna mini. Ya jera gaisuwa iri-iri da biro: ta ta'aziyya, ta barka, ta majinyaci, kowace da amsarta, har da ɗan ɗigo a inda ake yin murmushi. Ya ce ai ya je ɗaurin auren. A tsallaken titi ya tsaya, bayan wata mota, har aka shafa fatiha, ya ga kowa da kowa, ya koma gida ya kwanta yini guda don gajiya. Ba wanda ya gan shi, shi kuma bai faɗa ba, domin ba wanda ya tambaye shi ko ya je. Faɗa kawai aka rufe shi da shi. Abin da na lura a littafin nan, gaisuwarmu ta Hausa rahama ce ga irinsa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Kowace tambaya amsarta a ajiye take. Inda ya fara shan wuya shi ne bayan an gama gaisawa an shiga hira.

Masu bincike sun san wannan littafin, ko da ba a takarda yake ba. Laura Hull da abokan aikinta a Landan sun tattara bayanin manya 92 a 2017 kan yadda suke ɓoye kamanninsu don su saje da jama'a: haddace jimloli, tilasta wa kai kallon ido, kwaikwayon dariyar wasu, danne kaɗa hannu ko jijjiga jikin da ke kwantar musu da hankali. Dabarar na ci, mutum ya samu aiki ko ya tsira daga tsokana. Amma kusan kowa a cikinsu ya ambaci gajiyar da ke biyo baya, wasu suka ce har sun daina sanin su wane ne su. A 2018 Sarah Cassidy ta samu alaƙa tsakanin yawan wannan ɓoyon da tunanin kashe kai. Ita ce kuma a 2014 ta bincika manya 374 da aka gano lalurarsu bayan sun girma a wani asibitin Kambirij, kashi 66 cikin 100 suka ce sun taɓa irin wannan tunanin. Mutanen asibiti ne, waɗanda damuwa ta riga ta kai su neman taimako, don haka ba a shafa adadin a kan kowa. Duk da haka ba adadin da za a kau da kai ba ne. A Suwidin an bi bayanan masu otizim sama da 27,000, aka buga a 2016, aka ga mutuwar wuri ta fi yawa a cikinsu, kuma farfaɗiya da kashe kai na cikin manyan dalilai. Wani binciken Birtaniya na 2023 ya samu tazarar tsawon rai tsakaninsu da sauran mutane ba ta kai yadda aka fara tsoro ba, amma tana nan.

Ban faɗi wannan don in tayar maka da hankali ba. Na faɗa ne don "ya ware" da kawunnanku ke nema, in an bi ta hanyar tilas, shi ne dai wannan ɓoyon. Kuma ka san abin lura: in ya daina gyaran wayar da yake so, ko cinsa da barcinsa suka rikice, ko ya fara cewa shi nauyi ne a kanku, wannan ba miskilanci ba ne, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba jira. Ciwon damuwa ya fi yawa a cikinsu, kuma yana da magani.

Kan rayuwarsu in sun girma, binciken da aka fi ambata shi ne na Patricia Howlin a 2004. Ta bi mutum 68 daga ƙuruciya har suka zama manya a Ingila, ta ce fiye da rabi rayuwarsu ba ta yi kyau ba. Sai dai ka duba ma'aunin: aiki, abokai, da zama shi kaɗai ba a gidan iyaye ba. Na farko da na biyu na yarda. Na ukun kuwa al'adarsu ce. In da wannan za a auna mu, rabin magidantan Kano da ke zaune a gidan gado sun faɗi jarrabawa. Batun aiki dai gaskiya ne kuma da ciwo: alƙaluman hukumar ƙididdigar Birtaniya na 2021 sun nuna kusan kashi 22 cikin 100 na manya masu otizim ne ke da aikin yi, ƙasa da kusan duk sauran masu buƙata ta musamman. Ƙanenka da 'yan unguwa ke kawo wa waya har ɗaki yana da abin da yawancinsu can ba su samu ba. Kar a raina shi.

Labarin da nake so ka riƙe shi ne na Donald Triplett, yaro na farko cikin 11 ɗin Kanner. A wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Mississippi ya yi rayuwarsa. Ya yi aiki a bankin garin shekaru da dama, yana tuƙa motarsa, yana wasan golf, ya zagaya ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Otizim ɗinsa bai tafi ko'ina ba. Gidansu masu hali ne, wannan ba a ɓoye shi, amma abin da waɗanda suka rubuta tarihinsa suka fi nanatawa shi ne mutanen garin sun san shi, sun san halinsa, sun ɗauke shi nasu. Tunda kuma kusa da mayankar Oko-Oba kuke, ga wata: Temple Grandin, mai otizim ce da ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara uku, ita ta tsara lanƙwasassun hanyoyin kora shanu da manyan mayankun Amurka da yawa ke amfani da su, domin tana lura da inuwa da ƙyalli da ƙarar ƙarfen da ke firgita saniya, abubuwan da sauran mutane ke wucewa ba su gani ba. Ba na cika son kawo irin wannan misalin ba, domin sai iyaye su fara jiran ɗansu ya zama gwani, in bai zama ba a sake jin haushinsa. Yawancinsu mutane ne kamar kowa, masu matsakaiciyar baiwa.

Duk abin da na lissafa maka daga Birtaniya da Amurka da Suwidin yake, kuma dole a ɗauke shi da wannan sanin. An ma taɓa muhawara ko akwai otizim a Afirka, ko da yake Victor Lotter ya zagaya wasu ƙasashenmu har da Najeriya ya buga a 1978 cewa ya ga yaran da idonsa. Da Lauren Franz da abokan aikinta suka tattara duk binciken da aka buga kan Afirka kudu da Sahara a 2017, guda 53 suka samu, yawanci daga Afirka ta Kudu da Najeriya. Na gida da muke da su galibi na asibiti ne. A Ibadan, binciken Lagunju da abokan aikinta na 2014 ya samu yara 54 masu otizim cikin 2,320 da aka kawo sashen jijiyoyin yara. Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Inugu ya daɗe yana nuna cewa ana kawo yaranmu a makare, kuma da yawan waɗanda ake kawowa ba sa magana, domin mai magana ba a ɗauke shi mara lafiya ba, an ɗauke shi mai taurin kai. Har can ɗin ma akwai giɓi: wani nazari na Ginny Russell a 2019 ya samu kashi 94 cikin 100 na mahalarta binciken otizim ba su da raunin fahimta. Wanda ba ya magana, wanda sai an yi masa wanka an ba shi abinci, muryarsa ba ta cika shiga waɗannan takardun ba. Ƙanenka ya fi kama da waɗanda aka bincika, shi ya sa na yi amfani da su a kansa. Uwar da ɗanta ba ya magana amsarta daban ce.

Al'ada ma na sauya abin. Ma'aunin Turawa na ƙirga rashin kallon ido a matsayin alama. Mu kuwa yaron da ya tsura wa babba ido shi ne mara kunya. Wannan na sauƙaƙa wa mai otizim ta wani gefen, ta wani gefen kuma yana ɓoye shi, musamman 'ya mace. Yarinyar da ba ta magana, ba ta fita, kanta a sunkuye, yabonta ake yi, sai an kai ta ɗakin miji cikin kishiyoyi da dangin miji abin ya fashe, a ce aljanu ne.

To, shawarar kawunnanku. Mayar da shi gida ba laifi ba ne a kan kansa. Ƙauye ya fi Agege shiru, dangi sun fi yawa, kuma labarin Triplett ya nuna abin da ƙaramin gari zai iya yi. Amma tambayar ita ce hannun wa zai faɗa. A nan yana da kai, yana da masu kawo waya, ya san hanyar masallaci, ya san ƙarfe nawa ake cin abinci. Sauyi na girgiza masu otizim fiye da yadda muke zato, kuma in ya rikice a wurin da ba a san shi ba, abin da ke biyo baya mun san shi: turare, duka da sunan fitar da iska, wani lokaci gidan mari. Ba a manta ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, ni ma ina yi wa nawa. Ɗauri da duka ne ba magani ba. In ana son gwadawa, a yi ta a matsayin ziyara, ya san ranar tafiya da ranar dawowa tun kafin a hau mota, kuma a cika alkawarin.

Aure kuwa ba ya warkar da otizim. Masu otizim da yawa suna son aure, suna yi, wasu suna zaune lafiya da iyalinsu. Sharaɗin shi ne shi ya so, ba a so masa ba, kuma yarinyar ta san gaskiya tun kafin a kai kuɗi. Abin da na fi gani shi ne a nemo 'yar dangi a haɗa don rufin asiri, ba a gaya mata komai ba, ta tare ta tarar da miji mai son shiru da tsari, ta ɗauka ƙiyayya ce, wata shida aure ya mutu, a bar mutum biyu da rauni. Batun gado ma a faɗa mata. Wani babban bincike na 2019 kan mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya ƙiyasta gado na da kusan kashi 80 cikin 100 na dalilin lalurar. Wannan ba ya nufin 'ya'ya 80 cikin 100 za su samu. Yana nufin yiwuwar ta fi ta sauran gidaje, sai a sa ido da wuri.

Ni abin da zan fi ba ka shawara ya fi waɗannan biyun araha. Ka daina auna shi da majalisa. Abotar masu otizim ta fi ƙulluwa a kan abin da suke so, mutum ɗaya ko biyu, kafaɗa da kafaɗa ana aiki. Ka samo masa wani mai gyaran waya mai haƙuri da za su riƙa musayar kaya da dabara, ko yaro ɗaya natsattse da zai koya a wurinsa. Kasuwar waya da kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja ba nisa da ku, amma kar ka jefa shi cikin hayaniyarta da tsakar rana; ku je da sassafe, sayen abu ɗaya takamaimai, ku dawo. Sallar asuba a jam'i ma zama ne cikin mutane, sahu a tsare, kowa ya san abin da ke biye da wani, ba habaici. In an yi baƙi, ku yi yarjejeniya: ya fito ya gaisa, ya koma, ba mai bin sa da magana. Kuma ka ja abokanka biyu gefe ka yi musu bayani, domin an ga cewa in mutane sun san lalurar mutum kuma sun fahimce ta, kallon da suke masa na sassautawa.

Wurin neman likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda sashensa na yara da matasa ke Oshodi, da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja da ya fi kusa da ku. Bankin GTBank na shirya taron otizim duk shekara a Legas, ana haɗawa da ganin ƙwararru kyauta. Jihar na da ofishin kula da masu buƙata ta musamman, LASODA, kuma dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu bambanci, har ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ko da yake tsakanin takarda da aiki akwai tafiya.

Saura tambayar da ka yi mini, wadda shi ne mai amsarta. Shekararsa 24, a tambaye shi. Amma kar ka zaunar da shi gabanka ka ce "me ke damunka", ba za ka samu komai ba sai "ba komai". Philippa Howard da Felicity Sedgewick sun tambayi manya masu otizim a 2021 hanyar sadarwar da suka fi so, kiran waya ya zo can ƙasa, rubutu kuwa da yawa sun ce yana ba su lokacin tunani. Ka tura masa saƙo, tambaya ɗaya gajeriya mai amsa a fili: "Kana son zuwa gida da Sallah mu dawo tare, ko ka fi son zama?" Ko: "Akwai wanda kake so ya riƙa zuwa wurinka?" Ka ba shi kwana biyu ko uku. In amsar ta shigo WhatsApp da tsakar dare alhali ɗakinsa na jikin naka, kar ka tashi ka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ka amsa ta nan inda ta zo.